Rasuwar Doguwa, Sandar Golf ɗin Baban Zulfa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gida mai cike da warin man zafi, Bilki Maman Zulfa ta gidan Alhaji Maharazu da ke Takur, Dutse, take sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Doguwa, babbar sandar golf ɗin maigidanta, wadda ta rabu gida biyu ranar Asabar da hantsi, tana tsaka da aiki.

Marigayiya ta shigo gidan nan ne shekarar da Alhaji ya yi ritaya. 'Yar gwanjo ce, amma ba ta taɓa bari an gane ba. Ba ta raina aiki. Ita ke kakkaɓo wa yara mangwaro, ita ke zaƙulo takalmi daga ƙarƙashin gado, ita ta kashe kunamar da ta shiga ɗakin girki bara.

Amma babban alherinta ga Maman Zulfa na tukunya ne. Duk bayan girbi Alhaji kan kara da amininsa Alhaji Isah a filin golf, da sharaɗin duk wanda aka cinye, matarsa za ta yi wa 'yan wasa kaf funkaso da miyar taushe. Tun zuwan Doguwa, Maman Zulfa ba ta taɓa hura wannan wutar ba. Nata dai ta yafa mayafi mai kyau, ta je gidan Alhaji Isah ta ci ta ƙoshi, ta ce wa matarsa Hajiya Gaji sannu da aiki.

Dalili kuwa, Alhaji ɗan Kiyawa ne, da bugun dawa ya tashi. Yadda yake ɗaga sanda a masussuka, haka yake ɗaga Doguwa: ya ware ƙafa, ya yi nishi, ya sauke. Sai ka ji "ƙwas!", ƙwallo ta miƙe sak kamar wadda aka aika. Babu kyan gani, amma tana isa.

Ciwon ajali ya shigo ne ta bakin wani baƙo daga Abuja, Fahad, mai farin wando. Ya tsaya yana kallon Alhaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, golf ake yi ko bugun dawa?" Aka kwashe da dariya. Alhaji ma ya yi, amma da ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

Tun daga ranar ya kama wani Bature a cikin waya ya riƙe shi malami. Wai a sandarar da hannun hagu, a kafe kai, a juya ƙugu. Tsakar gida ta koma fili. Randa ta tafi, igiyar shanya ta bi ta, kaji suka koma kwana gidan maƙwabta. Muryar Doguwa ma ta sauya, "ƙwas" ɗin nan ya koma "tuf", kamar an jefar da jiƙaƙƙen tsumma.

Maman Zulfa ta ce masa, "Baban Zulfa, hannun da yake ciyar da mu funkason Gaji, me ya yi maka?" Ya ce ba za ta gane ba, wannan shi ne na zamani.

Ranar karawa, waɗanda suka gani sun ce bugun farko daji ya nufa, na biyu ya faɗa yashi, na uku ƙwallon ko motsi ba ta yi ba, iska kawai aka daka. Can wajen wata darbejiya Alhaji ya tsaya yana tuno karatun Bature, ya kafe kai, ya murɗa ƙugu iya ƙarfinsa. Ƙwallo na nan zaune lafiya, Doguwa ta sauka kan wani dutse da ke kwance cikin ciyawa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙaras". Ƙugun Alhaji ya amsa mata. A mota ɗaya aka kawo su gida, ita a naɗe cikin tawul, shi a kishingiɗe.

Ta rasu ta bar ƙannenta gajeru a cikin jaka, da autarsu mai lallaɓa ƙwallo cikin rami, wadda ba ta san wahala ba. Ta bar safar hannu guda tilo, da Alhaji ya rantse haka ake sayar da ita. Ta bar Alhaji, wanda yanzu yake cewa da ma tsohon bugun ya fi dacewa da jikinsa. Ta kuma bar Maman Zulfa da buhun alkama da kabewa jibge a ƙofar ɗaki.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar mai zuwa bayan azahar, a gidan marigayiya, inda za a ci funkason da aka daɗe ana gudu. Hajiya Gaji ta riga ta aiko cewa ta ɗinka sabon mayafi. Kan marigayiya zai tare ƙofar ɗakin girki, gangar jikinta kuwa da ita za a iza wutar miya, don ta ga abin da tafiyarta ta jawo.

Da zarar ƙugu ya saki, za a kai Alhaji Kiyawa, inda dawar ƙaninsa ke jiran bugu, kuma ba zai dawo ba sai hannunsa ya tuna gida. Shi kuwa baƙon Abuja, an ajiye masa gatari da itace, ya zo da wuri ya nuna wa jama'a yadda ake juya ƙugu.