Yadda Za Ka Zille wa Mai Lamba, Bisa Tafarkin Cindo Sankira

Kai mai tsoron allura, share zufarka. An gwada wannan hanya shekarar da ruwan Kainji ya ci tsibirai, aka kwaso mutane zuwa sababbin gidaje kusa da Yelwa, agana kuma tana ta kisa a ƙauyuka. Wanda ya gwada ta Cindo ne, sankira, wato mai shelar sabon gari. Bi sawunsa, na lamunce maka.

1. Riga kowa yabon allura

Malam Tanimu, malamin lafiya, ya zaunar da Cindo ya yi masa bayani. Lamba, in ji shi, 'yar'uwar agana ce marar ƙarfi ake sa wa mutum a fata. Dakarun cikin jini su gan ta, su ƙera makami daidai ita, su riƙe kamanninta. Ran da ta gasken ta zo, sai ta tarar da su a shirye.

Cindo ya ji, ya ƙudura a ransa allura ba za ta taɓa shi ba. Sai ya zaga gari yana ihu: "Ku fito a horar da jininku! Matsoraci kaɗai ka ɓoyewa!" Yi haka. Ba a zargin mai shela.

2. Zama mai tsara layi

Ranar lamba kada ka gudu, ka ba mutane hanya. "Tsofaffi gaba! Mata gaba!" Da haka Cindo ya tura gari kakaf, har da surukarsa, aka naɗe kaya ba a taɓa shi ba. Jama'a na cewa ladabi ne.

3. Yi hattara da matarka

Bayan mako damtsen matarsa Ladi ya yi ƙurji, alamar dakaru sun kama aiki. Ta dubi na Cindo sumul.

"Malam, naka hwa?"

"Jinina kunya gare shi. A ɓoye shika aiki."

Ta gyaɗa kai ta koma aikinta. Nan ne ya kamata ka tsorata.

4. Ƙera tabonka

Labari ya zo cewa ba mai shiga kwalekwalen kasuwar Yelwa sai ya nuna tabon lamba. Cindo ya zagaya inda Ladi ke bandar kifi, ya ɗauki garwashi, ya yi bisimilla, ya manna a damtse. Masunta a tsakiyar ruwa sun ji ƙararsa.

5. Nuna shi da ƙwarin gwiwa

A bakin ruwa Malam Tanimu ya duba tabon, ya duƙa ya sunsuna.

"Cindo, lambar ga warin tarwaɗa takai."

"Haka nawa ya kama, Malam."

"Ka koya wa jininka wuta, agana ko bai taɓa ganinta ba. Miƙo ɗayan hannun."

Ladi ta riga ta riƙe masa rigar ta baya. Cindo ya runtse ido yana salati, yana barin wasiyya a kan tarunsa.

"Tashi," in ji Ladi. "An gama tun kana salati."

Da agana ta shigo ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, ba ta kwantar da kowa a gidan Cindo ba. Mako biyu dai Ladi na sa masa hula, don hannu biyu duk ba sa ɗaguwa.

Gargaɗi

Na ce an gwada hanyar, ban ce ta yi aiki ba. Wanda ya ƙone, ya suma, ko matarsa ta tona shi, ba ruwana. Ni tawa lambar tun safe na miƙa hannu aka yi mini.