Ranar da Na Kulle Surukina a Mota

Ba zan taɓa mantawa da makon farko da na mallaki mota ba. Ko na so in manta, mutanen Hunkuyi ba za su bar ni ba.

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a wata firamare a Makarfi, kullum a kan babur, kullum kuma ina tuƙa mota a zuciyata. In yara suna kwafar rubutu daga allo, sai in jingina da taga in hango kaina a hanyar Ikara bayan an ɗauke ruwa, gonakin rake suna wucewa hagu da dama, ƙamshin ƙasa yana shigowa, rediyo yana tashi a hankali. (Har launinta na zaɓa tun ban san yadda ake sa giya ba: ruwan toka.) Da Allah ya nufa na sayo ta a wani kamfanin dillancin motoci a Zariya, 'yar Beljiyam, ruwan tokar kuwa, sai na riƙa jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ranar Asabar aka yi sunan ɗan ƙanin maiɗakina a Hunkuyi, na ce ni zan ɗauki surukina, Baba Alhaji, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da na auri 'yarsa. Na buɗe masa ƙofar baya, ya shiga ya sa albarka. Da muka isa na tsaya daidai inda jama'a suke zaune a kan tabarmi, na kashe mota, na fito ina gyara hula. Aka yi ca a kaina ana yi mini murna. Ina amsa gaisuwa ina satar kallon yadda rana take sheƙi a kan rufinta, a raina har na yi nisa, na wuce Kudan ina ta tafiya. Sai liman ya taɓa ni, ya ce wai Alhaji ba zai sauko ba ne?

Na waiwaya. Baba yana ciki, gumi ya jiƙa masa rawani, yana ƙwanƙwasa gilashi da carbi a hankali, don kada ya tara mini jama'a. Ashe ƙofofin baya duka biyun sun ƙi buɗuwa ta ciki. Da na buɗe ta waje, abin da ya ce kawai shi ne, "Ba komai, Malam, na samu na ƙarasa lazimi."

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta, na zuba babbar riga mai sitaci, na nufi kamfanin a Zariya. A hanya na gama shari'ar a kaina: manaja yana rawar murya, ana kawo mini lemo mai sanyi, ana miƙo mini makullin wata sabuwa fil, har da takardar ban-haƙuri da zan kai wa Baba. (Na ma yafe musu a daidai wata gada, sannan na fasa.)

Mai karɓar ƙorafi wata dattijuwa ce mai sanyin magana, Hajiya Larai, ga kuma mutum uku suna jiran layi. Ta gaishe ni da kyau, na amsa a daƙile. Na ce an sayar mini da motar da ta taɓa yin hatsari aka yi mata kwaskwarima, shi ya sa ƙofofin baya ba sa buɗuwa ta ciki, ni malami ne, ba a yi mini rufa-rufa. Ta saurara har na gaji, ta rubuta, ta ce mu je ta gani. Masu jiran layin suka biyo mu.

Ta fara cewa in bari ta duba gefen ƙofar, na katse ta, na ce gani ya kori ji. Na faɗa kujerar baya, na ja ƙofa garam, na ja mariƙin ciki sau uku ina dubanta ta gilashi da fuskar wanda ya ci shari'a. Daidai nan wayarta ta yi ƙara, ta yi mini alamar minti ɗaya ta koma gefe. Sauran suka tsaya suna kallona, suna zaton akwai sauran abin da zan nuna.

Zafi ya fara dafa ni, girman kai kuma ya hana ni ƙwanƙwasawa. Sai na ce bari in tsallaka gaba. Rigar ta maƙale a giya, hulata ta faɗi, kaina ya yi ƙasa wajen birki, gwiwata ta danne oda. Motar ta yi ta ihu har duk wanda yake cikin ofis ya fito, da manajan da na yi mafarkin zai yi rawar murya.

Hajiya Larai ce ta buɗe, aka zaro ni. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta sa ɗan yatsa a gefen ƙofar ta tura wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ta yi wa ɗayar haka.

"Makullin yara ne, Malam," in ji ta. "Don kada yaro ya buɗe ƙofa ana cikin tafiya. Mai ita na farko ne ya bar shi a kulle."

Muka koma ciki don a rufe takardar ƙorafin. Ta tambaye ni a hankali me za ta sa a gurbin musabbabin matsala.

Na ce, "Hajiya, rubuta mai motar."

Ta rubuta, na sa hannu.

Ni da nake koya wa 'yan aji uku cewa matambayi ba ya ɓata, sai da na ɓata a cikin motata. Tun daga ranar, duk inda zan kai ƙorafi, nakan fara da cewa, "Don Allah, ko ni ne ban gane ba?" Sau da yawa kuwa ni ne.