Rumfar da Ba Kowa

Saude mai sarƙa ta daɗe tana burin samun wuri a wani babban baje kolin kayan hannu da ake yi a Abuja. Da hannunta take shirya abinta, sarƙoƙin duwatsu da 'yan kunne da awarwaro, kuma aikin nata sai dai a ce masha Allah. Bara ta nema aka ƙi ta, don a kan gado ta ɗauki hoton kayan, furannin zanen gadon suka cinye su tas. Bana sai masu shirin suka kafa sharaɗi: a kafa rumfa yadda za ta kasance a can, a ɗauki hoto, kuma kada mutum ko ɗaya ya fito a ciki. Ƙarfe shida na yamma ran Alhamis za a rufe karɓa. Saude kuwa, kamar ni da ku, sai ran Alhamis ɗin ta tashi.

Ta yi hayar rumfa aka kafa a tsakar gida. Ta ɗaure akuya a bayan ɗaki, ta kwance igiyar shanya, ta shimfiɗa baƙin yadi a kan tebur. Tun hantsi take jera kaya tana ja da baya tana kallo, sarƙa ɗaya sai da ta sauya mata wuri sau bakwai. Bayan azahar Tanimu mai hoto ya iso, ya ce a hanzarta, da la'asar ta yi inuwar katanga za ta rufe teburin.

Abin da Saude ta manta shi ne kan rumfar ya zarce katanga, kuma duk unguwa an san an sa ranar 'yarta. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga: an kawo lefe gidan Saude. Sai ga mata da guɗa, wannan na sallama waccan na shigowa, har rumfa ta cika ba masaka tsinke. A gabansu akwai Iya Tabawa, tsohuwar da ba a taɓa buɗe akwati a unguwar ba ta duba ba. Ta jawo kujera tsakiyar rumfa ta zauna, ta zura awarwaro uku a hannu, tana ɗaga sarƙa tana auna nauyinta.

Saude ta yi bayani har bakinta ya bushe, cewa ba lefe ba ne, hoto za a ɗauka. Ai kuwa jin an ce hoto, sai kowa ta gyara ɗaurin ɗankwali ta matso gaba. Tanimu ya roƙe su su ɗan koma gefe, suka koma taku ɗaya suka dawo taku biyu. Ga shi ba a korar baƙo, balle sa'o'in uwarta. Ran Saude in ya yi dubu ya ɓaci, tana murmushin dole tana kallon inuwa na tahowa a hankali, har ta taɓa ƙafar tebur.

Da ta ga wurin bana ma zai kuɓuce mata, sai ta yi ta maza.

"Iya, tunda ta yi miki kyau, ki tafi da ita. Dubu tamanin ce."

Iya Tabawa ta ajiye sarƙar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya. Nan take wata ta tuna ta bar tukunya a kan wuta, wata ta ce ba ta yi azahar ba. Cikin minti biyu rumfa ta zama wayam. Saude ta gyara kaya da sauri, Tanimu ya ɗauki hotonsa ana saura ƙiris inuwa ta hau yadin.

Daɗi ya kashe Saude. Ta bi tsohuwar har zaure tana nuna mata hoton tana ba ta haƙuri.

"Iya, kada ki ga laifina. Su suka ce rumfar da ba kowa suke son gani."

Iya Tabawa ta leƙa hoton, ta gyara mayafi.

"Ai kin ba su hoton gaskiya, 'yar nan. Da wannan kuɗin naki, can ma haka za su riƙa ganinta."