Ranar da Dalhatu Ya Sa Dattawanmu a Kasuwa

"Ni Dalhatu, idan na zauna gaban kwamfuta, waɗanda suka ƙera ta ma tsayawa suke yi su ɗauki darasi. Ku ba ni 'yan kwanaki kawai, albasar Rano da Kibiya sai an gan ta har a ƙasar Sin!"

Haka Dalhatu ya faɗa, ya kai mai karatu, yana tsaye a ƙofar siton ƙungiyarmu ta manoman albasa, kwamfuta a hammata, tabarau a goshi. Ina wurin, da kunnena na ji, kuma na yi ƙoƙarin rubuta maganar ba ƙari ba ragi, domin ina tsoron ɗaukar alhakin mutum, ko da kuwa Dalhatu ne.

Shi wannan bawan Allah ɗan Saji ne, wani gari a ƙasar Rano. Ya je Kano ya yi wani kwas na gina shafin intanet, wanda bai kai tsawon jegon akuya ba, ya dawo ya naɗa wa kansa sunan Injiniya. Masu shayi kuwa Injiniya Dannau suke ce masa, saboda duk abin da ya gani sai ya danna tukuna, sannan ya tambayi amfaninsa.

A lokacin muna cikin damuwa. Sito cike yake da albasa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, kuma albasa idan ta ji sanyin damina tsirowa take yi. Wadda muke sa rai ta kwashe kayan ita ce Hajiya Fanta, wata babbar 'yar kasuwa a Kano. Ta aiko mana cewa ta gaji da ƙona mai zuwa ganin kayan da aka yaba da baki. Idan muna da shafi, ta duba a wayarta, in ya yi mata ta zo da mota. In babu, ta nufi wani gari.

Alhaji Ishiyaku, shugabanmu, ya dubi Dalhatu ya ce, "Kai yaro, ka tabbata ka iya?"

"Haba Baba Alhaji! Ai abin a gine yake zuwa. Manhaja ce kamar shagon haya, an yi kanta, an yi fenti, kai dai ka jera kayanka. Ni a wurina wannan kamar shan fura ne."

Gaskiya kuma farkon aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya ɗauki hoton albasa iri-iri, ya sa kowane iri a gurbinsa. Alhaji ya umarce shi da ya rubuta gaskiyar kowane kaya a ƙarƙashin hotonsa, domin Hajiya ba ta yafe algus. Ya rubuta. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labari.

Sai ya kira taro domin a yaba masa. Ya buɗe kwamfuta, ya juya mana baya, ya buga wasu lambobi a ɓoye.

Malam Alu na Tarai, mataimakin shugaba, gajere ne amma ba a taka shi a wuce. Ya ce, "Mene ne kake ɓoyewa?"

"Lambar sirri ce, Baba Malam. Ita ce mabuɗin shafin."

"Mabuɗi? Guda nawa ne?"

"Ɗaya ne, yana wurina."

Mai karatu, bari in yi maka bayani. Tun da aka kafa ƙungiyar nan, kowane dattijo yana da mabuɗin sito a aljihunsa, na Rano da na Kibiya, domin kada wani ɓangare ya ce an mayar da shi ɗan rakiya. Hana dattijo mabuɗi a wurinmu daidai yake da kiransa ɓarawo.

Malam Alu ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Wato mu mutanen Kibiya mu kawo albasa, mabuɗi kuma ya kwana a Saji?"

Da Dalhatu mai hankali ne, da ya ce wannan mabuɗin ba irin wancan ba ne. Amma ya ga taro, ya ga damar koyarwa. Ya gyara tabarau ya ce, "Ni ba na rowar ilimi. Kowa ya kawo wayarsa! Yau sai na mayar da ku injiniyoyi, ni kuma shugaban injiniyoyi."

Ya saka wa kowa mabuɗin a waya, ya koya musu abu guda: yadda ake danna gurbi a canja hoto. A wannan ɓangaren na masu gyara kuwa, gurabun hotuna kawai ake gani a jere, rubutun ƙasa ba ya fitowa. Ni ma an saka mini, sai dai na naɗe wayar a hula na ajiye, domin ina tsoron in danna wani abu in rushe intanet ɗin jama'a gaba ɗaya.

Washegari Alhaji Ishiyaku ya yi tunani cewa baƙo ba ya shiga gida bai fara gaisawa da maigida ba. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, aka ɗauke shi hoto, ya cire albasar gurbin farko ya saka kansa.

Kafin azahar labari ya isa Tarai. Malam Alu ya buga wa Dalhatu waya. "Kai Dannau! Shafin na ƙungiya ne ko na Ishiyaku?"

"Baba Malam, ƙaramin abu ne, yanzu zan gyara."

"Kada ka wahala, na riga na gyara."

Ya cire albasar gurbi na biyu, ya saka kansa da rawani. Daga nan sai abin ya zama kamar rabon taki. Ma'aji ya shiga. Mai tsawatarwa ya shiga. Wani dattijo daga Yalwa ya shiga tare da sabon babur ɗinsa. Mai ɗaukar hoto a Rano ya yi cinikin da bai taɓa yi ba ko a bikin Sallah.

Na sami Dalhatu a teburin mai shayi, na ce, "Malam Dalhatu, ina jin tsoro. An ce albasa tana ƙarewa a shafin nan."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Baba, kai dai ka bar wa masana. Wannan shi ake kira shafi mai rai! Ka ga yadda ɗalibaina suke ƙoƙari? Gurbi ɗaya ma ya rage, na can ƙasa, kuma yanzun nan na saka nawa hoton. Wanda ya gina gida ai ba ya kwana a waje."

Ya nuna mini: ga shi da kwat, ga tabarau, ya ɗora hannu a kan kwamfuta kamar mai rantsuwa. A take ya aika wa Hajiya Fanta adireshin shafin. Bai buɗe shi ta ƙofar baƙi ya ga abin da za ta gani ba, domin a cewarsa gwani ba ya duba aikinsa.

Ranar da Hajiya ta zo, mun taru a ƙofar sito. Babbar mota ta tsaya, ta fito tana share hawaye da gefen mayafi. Na zaci rasuwa aka yi. Ashe dariya ce.

Bayan gaisuwa ta ce, "Alhaji, na shekara da shekaru ina saye da sayarwa, ban taɓa ganin garin da ya sa dattawansa a kasuwa ba. Na ce wallahi sai na zo na ga kayan da idona."

Dalhatu ya matso yana murmushi. "Hajiya, aikina ne. Ni ne injiniyan."

"Sannu da ƙoƙari." Ta ɗaga waya, ta nuna hoton Alhaji Ishiyaku da rigarsa ta Sallah, ta karanta abin da ke ƙasa da ƙarfi: "Tsohon kaya, ya daɗe a ajiye. A hanzarta kafin ya tsiro."

Malam Alu ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Hajiya ta ce, "Malam, kai ne na biyu ko? Ƙarami ne, amma akwai yaji. Yana sa hawaye tun daga nesa."

Dariyar ta koma wajen Alhaji. Ma'aji kuwa, mutum mai jiki, nasa cewa ya yi, "Ga girma ga nauyi, sai dai cikinsa ruwa ne." Na mai babur ya ce, "Ana bayarwa a kan ragi idan an haɗa da wani." Kuma a gefen kowane dattijo ga wani koren maɓalli an rubuta, "Saya yanzu."

Dalhatu ya fara ja da baya yana cewa matsalar sabis ce. Malam Alu ya riƙe masa gefen kwat.

Hajiya ta ce a buɗe sito. Ta zazzage buhu, ta matsa, ta shinshina, ta ce albasa ta yi, a fara lodi. Sai a lokacin numfashina ya dawo daidai. Dalhatu ma da ya ga ana lodi sai ya saki jiki, ya mayar da tabarau goshi, ya ɗaga murya.

"To kun gani! Wa ya kawo Hajiya garin nan in ba shafina ba?"

"Gaskiyarka," in ji Hajiya. "Saura ma kaya ɗaya ban karanta ba, na can ƙasa." Ta juya wayar kowa ya gani: ga kwat, ga tabarau, ga hannu a kan kwamfuta. Ta karanta a hankali: "Wannan ya lalace, ba na sayarwa ba ne. Mai so ya zo ya ɗauka kyauta."

Alhaji Ishiyaku ya karɓi wayar, ya dubi hoton, ya dubi Dalhatu, ya gyaɗa kai.

"Hajiya, wannan kam ba a yi kuskure ba. Ki ɗauka, kuɗin mota a kanmu."