Rasuwar Bututun Hayaƙin Jirgin Marigold

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne, Enid Tolley, mai jirgin ruwa Marigold, wanda shi ne gidanta, take sanar da 'yan'uwa da maƙwabtan bakin ruwa rasuwar bututun hayaƙin murhunta. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da yamma, ƙarƙashin gajeriyar gadar nan ta kusa da garin Leek, a hannun surukinta Crispin.

Marigayin baƙi ne siɗik, mai zobban tagulla uku. Mijinta Wilf ne ya ƙera shi da hannunsa shekarar da suka yi aure, kuma tun da Wilf ya rasu babu safiyar da Enid ba ta goge zobban nan ba. Bai taɓa mayar mata da hayaƙi cikin ɗaki ba. In iska ta taso yakan yi ɗan fito, fiii, a hankali, har ta ce masa ya isa haka. Buƙatarsa ɗaya ce a duniya, wadda ko yaron goye a hanyar ruwan nan ya sani: in an tunkari gajeriyar gada, mai tuƙi ya ɗaga shi ya kwantar a kan rufi.

Ciwon ajalinsa ya shigo jirgi da safe, sanye da farar hula irin ta kyaftin. Crispin dillalin labule ne. Ya taɓa hayar jirgi na mako guda, tun daga nan ya zama sarkin ruwa. Shi da matarsa Gillian, 'yar Enid tilo, sun daɗe suna matsa wa tsohuwar ta koma gidan tsofaffi ta bar musu jirgin su riƙa hutu a ciki. Da haushi ya ci ta, sai ta ce in ya tuƙa wuni ɗaya lafiya ƙalau, za ta tattara kayanta ta fita. Magana zarar bunu ce, ba ta iya janyewa ba.

Abin takaici, wunin ya yi ta tafiya daidai. Crispin ya wuce ƙofofin da ke tare ruwa a hanya ba tare da ya fasa komai ba, duk da ya bar Gillian tana murɗa ƙarfe tana tura ƙofa shi yana tsaye yana ba da umarni. Ya tsorata agwagi, ya girgiza jiragen mutane da gudu har wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce masa, "Kai, asibiti za ka?" Amma gudu ba laifin da za a karya alkawari a kansa ba ne. Da azahar, lokacin da Enid ta buɗe baki za ta yi magana kan wata kwana, sai ya ɗaga mata hannu.

"Enid, zauna ki sha shayinki. Yau kam kada ki sa mini baki."

"To, na ji," in ji ta.

La'asar sakaliya gadar ta bayyana. Enid ta ganta tun daga nesa, ta ga marigayin tsaye ƙyam yana ƙyalli, ta kuma ga Crispin yana gyara hularsa. Kalma ɗaya za ta ceci bututun, kalmar kuma za ta kai ta gidan tsofaffi. Ta juya ta dubi Gillian, wadda tun tana ƙarama aikinta ke nan kwantar da shi a wannan gada. Gillian ta dubi gadar, ta dubi uwarta, sannan ta tambayi mijinta ko a ƙara masa sukari.

Kalmar marigayin ta ƙarshe, da ya daki gadar, ita ce ƙwam. Sarƙar da ke riƙe da shi ta tsinke, ya gangara kan rufi, ruwa ya ce tsulum. Toka ta tashi ta rufe farar hula.

"Wa ya sa gada a nan?" in ji Crispin.

"Kakannin kakanka," in ji Enid. "Ba ni sandar tuƙi."

Marigayin ya bar murhu, wanda yanzu yake kallon sama ta rami, da butar shayi, da tsummar goge tagulla da ba ta da sauran aiki. Ya bar Gillian, wadda ta yi kuka fiye da yadda mijinta ya fahimta. Crispin ya yi alkawarin sayo wani sabo mai sheƙi daga kanti. An gode masa, an kuma roƙe shi ya riƙe abinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gindin gadar. Maƙwabta su zo da igiya da maganaɗisu a laluba ƙasan ruwa, in abin ya ƙi, Crispin zai naɗe wando ya shiga, tunda ya san wurin. Bayan nan Enid za ta karɓi gaisuwa a cikin Marigold, gidanta, inda za ta ci gaba da zama har nata lokacin ya yi. Tana roƙon kada kowa ya ce mata tsautsayi ne. Masu zuwa su sa riga mai kauri, domin ba ta kunna murhu ba tun ranar Lahadi, kuma ta ce ba za ta kunna ba sai an fito da shi.