Koriyar Sama

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na mayar da sama koriya a Matameye ba.

Lokacin fari ne, kuma lokacin soja. Damina biyu a jere gero ya ƙi, rumbuna sun bushe har ɓeraye sun fara ƙaura, kowa ya tashi da safe sama yake fara kallo kafin ya gaisa da iyalinsa. Ni kuwa ina da shekara ashirin da 'yan kai. Na yi cin rani uku a Kano ina share shagon wani mai hoto, na dawo da tsohuwar kyamara a wuya da girman kan da ya fi ta nauyi. Ni kaɗai ne mai ɗaukar hoto a garin. Fim mai kala sabon abu ne, ban iya wanke shi ba, sai in ba wani direban motar Kano ya kai, ya dawo mini da hotuna.

Wata rana bayan magariba, saura hoto ɗaya fim ya ƙare, sai na ga jinjirin wata da Zara a gefensa, gwanin kyau. Na kifa turmi, na ɗora kyamara don kada ta motsa, na ɗauka. A ƙasan hoton katangar Kawu Idi ta shigo, da farin ragonsa a tsaye yana tuƙa.

Direban nan ashe a gaban gilashi ya jefa fim ɗin, motar kuma ta lalace a hanya, fim ɗin ya kwana tara yana gasuwa a rana. Da ambulan ta dawo na buɗe a ɗaki, sai da na zauna. Amarya koriya. Ango kore. Jaririn da aka yi wa suna kamar ɗanyen mangwaro. Har da Kumandan, sojan da ke mulkin yankinmu, wanda ya sa na ɗauke shi don a rataye a biro, wato ofishinsa. Amma hoton saman nan, jama'a! Kore shar, kamar gonar gero a tsakiyar damina.

Mai hankali duka zai ɓoye. Ni na tura sauran ƙarƙashin tabarma, na manna na saman a ƙofar shago.

Kawu Idi ne ya fara tsayawa.

"Ɗana, me nake gani haka?"

"Sama ce, Kawu."

"Sama koriya?"

A nan ne ya kamata in ce fim ne ya lalace. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai kyamara tana ganin abin da ido ba ya gani." (Allah ya yafe mini, ni kaina sai da maganar ta burge ni.)

Kafin ranar kasuwa labari ya kai Yauri, ya kai Dawce: na'urar Nasara ta hango damina. Mutane suka yi layi a ƙofata. Dattawan da suka san ni ba wando suka koma kirana Malam. Na samo ɗan kara ina nuni da shi, ina cewa nan da ya fi duhu, ta nan ruwa zai faro. Limamin unguwarmu ne kawai ya duba, ya ce "Allah ne masani," ya wuce. Shi kuwa Kawu ya fasa tulun da matarsa ta ɓoye iri a ciki, ya tafi gona ya binne shi kaf a busasshiyar ƙasa. Wannan kam ya tsaya mini a rai, amma bai hana ni karɓar goro ba.

Sai ga jandarma, ɗan sandan soja, a ƙofa. "Kumandan na kira. Ya ce ka taho da hoton saman, da nasa hoton."

A zamanin nan in soja ya kira ka, sai ka nemi gafarar uwarka kafin ka fita. Na tarar da shi a gindin bishiyar biro, masu gari da sarakunan noma sun kewaye shi ana shirin rabon hatsin taimako. Ya karɓi hoton saman ya daɗe yana kallo.

"An ce na'urarka tana ganin damina."

"Ranka ya daɗe, haka… haka ta nuna."

Ya ɗora yatsa a ƙasan hoton. "Wannan fa?"

"Ragon kawuna ne."

"Koren rago gare shi?"

Wani ya yi tari. Na ce, "Hasken saman ne ya sauko masa." (Ƙarya in ta fara haihuwa, tagwaye take yi.)

Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ya miƙo hannu. "To, ba ni nawa."

Na laluba aljihu kamar mai neman kunama. Ya karɓa. Ga shi nan a hoton tsaye ƙyam, ƙirji a gaba, fuska kamar an tsoma ta a miyar kuka, har haƙora. Sai ya juya hoton ga jama'a, ko murmushi babu, ya ce, "Ku yi murna. Ashe ni ma bana zan yi tsiro."

Da farko ba wanda ya yi gigin dariya. Sai wani tsohon sarkin noma ya kasa riƙewa, ta kufce masa ta hanci, shi ke nan wuri ya rushe. Har jandarman da ya kawo ni ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar ta bushe da yawa.

Da aka lafa Kumandan ya dube ni. "Mutane suna binne irin da ya rage musu saboda wannan takarda. Ranar kasuwa za ka gyara abin da ka ɓata."

Haka na yini ina zagaya kasuwa, sanƙira a gabana yana shela, ni a baya na ɗaga hoton amarya da ango ina cewa, "Fim ne ya sha rana, kowa ya riƙe irinsa!" A nan amaryar ta fara ganin hoton bikinta. Abin da ta ce mini ba zai rubutu ba.

Daga baya na kwashi fim ɗin da kaina na kai wa tsohon maigidana a Kano. Da ya gama dariya ya ce, "In kala ta rikice, nemi abin da ka tabbata fari ne, ka yi ta gyara har ya koma fari. Sauran duk za su biyo shi." Ya rinƙa ƙara ja-ja a injin buga hoto kaɗan-kaɗan, yana gwadawa, har ragon ya yi fari. Sama ta fito yadda take, toka-toka, ba alƙawarin komai.

Irin Kawu kuwa gara da zabi suka cinye. Ruwa bai zo ba sai a makare, innata ta raba nata irin biyu ta ba shi, ni kuma na yi masa noman shekarar daga shuka har girbi. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai kullum na duƙa da hauya, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, duba mana, yau wace kala ce?"

Tun daga nan na riƙe abu ɗaya: in ka ga duniya duka ta yi maka kore shar, kada ka yi saurin tara jama'a. Fara tambaya ko kai ne ka kwana tara a rana.