Yadda Ake Sabunta Fasfo a Hong Kong da Kwat ɗin Manang Pacita

Ke 'yar ƙasarmu Filifin da ke aikin gida a Hong Kong, in fasfonki ya kusa mutuwa, kwantar da hankalinki. Ni Erlinda, shekarata ashirin da uku ina wanke-wanke a garin nan, na binne fasfo huɗu da hannuna, kuma kowanne sai da na ga magajinsa. Duk wadda ta bi matakan nan yadda na jera su za ta fito da sabon fasfo, babu tantama. Wadda ba ta samu ba kuwa, ta bincika da kyau, akwai matakin da ta tsallake.

Da Divina zan yi miki misali, wata 'yar garin Iloilo, don ita ce ta ƙarshe da na bi da ita ta wannan hanya. Shekararta goma sha ɗaya a nan. 'Yarta Aileen za ta gama makarantar koyon aikin jinya a watan Afrilu. Ranar da yarinyar ta gama firamare, a waya Divina ta kalla tana goge tagar mutane, haka ma ta sakandare. Wannan karon ta rantse sai ta zauna a wurin da ƙafarta. Da tsohon fasfon za ta iya zuwa gida amma ba za ta iya dawowa bakin aikinta ba, sabon kuma daga Manila ake bugo shi, yakan yi wata biyu kafin ya iso. In ta rasa Lahadin da aka ba ta a ofishin jakadanci, ta rasa bikin.

Mataki na ɗaya: Ki gano matsalar a ƙurarren lokaci

Kada ki kuskura ki duba fasfonki da wuri. Macen da ta san ranar mutuwar fasfonta tun da saura shekara guda, wannan ba tamu ba ce, a sa mata ido.

Yadda ake yi shi ne, kina neman wani abu dabam a cikin gwangwanin biskit ɗin da kike ɓoye takardu, sai fasfon ya faɗo ya buɗe da kansa. Ki karanta, ki ƙirga watanni da yatsu, ki sake ƙirgawa ko za su ƙaru. Sannan ki jira Lahadi ki faɗa wa mutanenki a kan kwalin da kuke shimfiɗawa ƙarƙashin gada, don mata goma su taru su yi miki faɗa a lokaci ɗaya. Faɗan nan wajibi ne, shi ke buɗe hanya.

Mataki na biyu: Ki cafke rana

A waya ake neman ranar zuwa ofishin jakadancinmu, kuma ranakun Lahadi kafin ki yi atishawa sun ƙare, don kaf ɗinmu Lahadi ce kawai ranar hutunmu. Saboda haka ki bar babban yatsanki ɗaya a bushe a kowane lokaci. Ki koyi wanke kwano da yatsu tara.

Divina ta kama tata ne tana tura karen uwar ɗakinta a keken jarirai. Karen nan takardun tafiyarsa cif suke, sau biyu yana zuwa Japan hutu, kuma ba a taɓa ganinsa a layi ba. Kada ki bari wannan ya ɓata miki rai. Masana sun tabbatar da cewa wadda ta tsaya gwada kanta da karen gida, rabin rana take yi ba ta yi guga ba.

Mataki na uku: Takardu

Kowace takarda kwafi uku. Wadda aka nema da wadda ba a nema ba: ta baftisma, ta aure, katin rigakafin da aka yi miki kina goye. Babu mai dubawa, amma nauyin jakar yana ƙara wa mutum kwarjini.

Mataki na huɗu: Kada ki je ke kaɗai, kada ki je da yunwa

Ba a taɓa jin 'yar Filifin ta je ofis ita kaɗai ba. Mu goma sha ɗaya muka tafi ranar, masu fasfo biyu, Divina da Ate Zenaida (Ate a yarenmu kamar a ce Yaya ne), sauran tara 'yan rakiya ne da 'yan ba da shawara. Muka shimfiɗa kwalinmu a gindin benen ofishin, muka buɗe tukunyar shinkafa, da kazar adobo, da taliyar pansit cike da roba.

Divina ba ta iya kai loma ko ɗaya bakinta ba. Ate Zenaida ce ta taimaka mata, ta ci nata ta ci na Divina, ta ƙara da na uku wai don kada ta fito a hoto kamar wadda ake zalunta.

Mataki na biyar: Ki manta da riga mai kwala

Nan ne gindin maganar, ki buɗe kunne. A can ofis ake ɗaukar hoton, kuma ba a ɗaukar mace sai da riga mai hannu da kwala. Kowa ya san wannan. Amma kwana shida kina cikin tsumman aiki, Lahadi kaɗai kike sa kayan da ranki ke so, don haka za ki iso da 'yar riga mai siririn hannu da 'yan kunne har kafaɗa. Babu laifi, haka aka gada. Dalilin da ya sa Allah ya ba mu kwat ɗin Manang Pacita ke nan.

Manang Pacita ita ce babbarmu, shi ya sa muke girmama ta da Manang, ta ba sittin baya. Kwat ɗin ja ne, mai soso a kafaɗu, wata uwar ɗakinta ce ta jefar da shi tun Aileen ba ta zo duniya ba. Ya shiga fasfo ya fi ɗari uku. An ce ma'aikatan filin jirgi a gida sun ɗauka wata babbar ƙungiyar mawaƙan coci ce ke ta shige da fice, har suna tambayar yaushe za mu yi wasa.

Dokokinsa uku ne. Ba a wanke shi, don kada sa'ar ta bi ruwa. Ana karɓarsa ne bisa lambar layi. Kuma ba a ɓalla maɓallin tsakiya, ko da wa kika ga ya ɓalla.

Mataki na shida: In kwat ya ƙi fita, kada ki yi ihu

Lambar Ate Zenaida arba'in da shida, ta Divina arba'in da tara. Ate Zenaida ta shiga da kwat, ta ɓalla maɓallan nan uku reras don ta fito da ƙugu. Da ta fito muka ja ta banɗaki mu cire. Maɓallin tsakiya ya nutse, ko ganinsa ba a yi. Muka gwada zarewa ta baya, sai kwat ya sauko ya tsaya a damatsanta, ya ɗaure mata hannu biyu a baya kamar kazar da za a kai kasuwa.

"Ate, ja numfashi ciki!" in ji Divina.

"Ina zan kai shi? Wurin a cike yake."

"Wa ya aike ki cin faranti uku?"

"Naki na taya ki, marar godiya. Ku ja a hankali, wannan hannun da shi nake guga!"

Muka shafa sabulun wanke hannu, kwat ya yi kumfa amma ko gezau. Wata ta zaro almakashi daga jaka. Manang Pacita ta tare gabanta ta ce, "Ki fara yanka ni tukuna, 'yar nan. Kwat ɗin nan ya girmi aurenki."

Sai muka ji an kira arba'in da takwas. Na dubi Divina, na ga ta ƙanƙame jakar takardunta a ƙirji. Gaskiya tausayinta ya kama ni, don na san wata Lahadin sai bayan Afrilu.

Mataki na bakwai: Ki yi amfani da abin da kike zaune a kai

Na karɓi almakashin na sauka da gudu, na yanko kwali daga shimfiɗarmu, na fitar da kwala mai baki biyu tsaf. Muka yafa wa Divina farin ƙyallen da muka rufe shinkafa, muka ɗora kwalar a kai muka kama da abin matse gashi. In kin tsaya daga nesa, kin rufe ido ɗaya, sai ki rantse malamar makaranta ce.

Ki shiga da ƙarfin gwiwa, kada ki juya wuya, don kwali ba ya juyawa. Haka Divina ta shiga tana tafiya a sanƙame. Mai ɗaukar hoton wata 'yar ƙasarmu ce mai tabarau, ta ɗaga kai ta dube ta ta daɗe.

"Ate, kwalar rigarki an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi."

"Haka ake yayinsu yanzu, Madam."

"Da hoton lemo a jiki?"

Duk ƙaryar da muka koya wa Divina a banɗaki ta gudu. Ta ce, "Madam, 'yata ce za ta gama makaranta a Afrilu. Sau biyu ina kallo a waya. Kwat ɗinmu ya maƙale a jikin wata."

"Jan nan mai kafaɗu?"

"Kin san shi?"

"Ina ganinsa fiye da yadda nake ganin mijina." Ta miƙa hannu bayan kujerarta ta zaro baƙin kwat ta miƙa mata. "Cire lemon nan ki sa wannan. Ke ce ta shida yau. Ki yi a hankali da aljihun hagu, akwai abincin ranata a ciki."

Mataki na takwas: Kada ki yi murmushi

Ki cire 'yan kunne, ki tura gashi bayan kunne, ki rufe baki. An hana haƙori fitowa a fasfo. Wannan shi ne mataki mafi wuya ga mutanenmu, don mu ko a wurin makoki aka ɗaga waya sai mun washe baki mun ɗaga yatsu biyu.

Abin da ke taimakawa shi ne kada ki dubi ƙofar gilashi. Divina ta duba. Ga mu mu goma mun manna fuska, ga Ate Zenaida a tsakiya hannu a ɗaure a baya, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunta, wata kuma na ba ta ragowar pansit a baki don ta ce wahalar ta sa ta yunwa. Divina ta fashe da dariya. Aka goge hoto na farko. Ta sake fashewa, aka goge na biyu. Ana shirin na uku sai dariyar ta juye ta koma kuka, ta rufe fuska da hannun kwat ɗin mutane.

Mai tabarau ta miƙa mata takardar share hanci ta ce, "Dariya an hana. Kuka ba a rubuta ba, amma yana kumbura ido. Daure, Ate, ki ba ni fuska ɗaya, za ki je bikin nan."

A na huɗu aka samu. Ta fito kamar wadda aka kama da kazar maƙwabta a jaka. Kada ki nemi a sake, haka na kowa yake, kuma shekara goma za ki yi kina nuna wa baƙi wannan fuskar.

Kwat ɗin Manang Pacita kuwa sai yamma ya fita da kansa, bayan abincin ya sauka.

Mataki na tara: Ki karɓa, ki tafi

Mako bakwai fasfon ya yi. Divina ta karɓa ta sumbace shi, ta cika akwati da cakulan da sabulu da man shafawa na dangi, ta sauka Iloilo saura kwana biyu. A layi na uku ta zauna, ta ce da aka kira sunan Aileen miƙewa ta yi tana tafi har sai da na baya suka ja mata riga.

Da ta dawo, Lahadin farko, muka kewaye ta a kan kwali tana ba mu labari. Ta ce tun a jirgi ta gama shirya zancen da za ta yi wa yarinyar: da zarar Aileen ta samu aiki a asibitin garinsu, ita kuma za ta tattara kayanta ta koma gida gaba ɗaya, su kwana a ɗaki ɗaya, ta riƙa dafa mata abin karin kumallo. A wurin cin abincin bikin tana jira baƙi su ragu ta faɗa, sai Aileen ta matso da farantinta ta zauna kusa da ita.

"Mama, gobe da safe za ki raka ni wani wuri?"

"Ina?"

"Ofishin fasfo. Akwai wani asibiti a ƙasar waje, sun ce in na ci jarrabawa za su ɗauke ni. Sai ki huta ke kuma, ni in riƙa aikowa. Ke kin san kan abin, ni tsoro nake ji."

Ate Zenaida ma ta ajiye cokali. Ni ce na tambaya, "To me kika ce mata?"

"Me zan ce, Ate? Na raka ta. Ni na riƙe mata wuri a layi."

Sanarwa

Ni Erlinda fasfo na yi miki alkawari, kuma fasfo kika samu. In uwar ɗakinki ta kama ki da waya a hannu kina wanke kwano, ko kwali ya kankare miki wuya, ko hotonki ya firgita ma'aikacin filin jirgi, babu ruwana, ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba. In kuma kin isa gida 'yarki ta ga yadda kika ƙware ta ce ki koya mata, kada ki zo wurina neman mataki na goma, ba ni da shi. Nawa 'ya'yan mata biyu ne, ɗaya tana Dubai ɗaya tana Kanada, kuma dukansu ni na raka su ofishin fasfo.